Ranar da na kama zakaran maƙwabta da fatsar Turawa

Duk laifin ƙanena ne. Karatu aka tura shi Niyu Zilan, ya dawo mana da ciwon kamun wani kifi wai shi turawut, mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗigen ja da baƙi. Daren da ya sauka gidanmu a Gwammaja, ko loma uku bai kai ba ya ɓalle da labari. Wai a tsibirin kudu akwai kogunan da mota ba ta isa, sai dai ka saɓa kaya ka taka sayyada, ko jirgi mai saukar ungulu ya ajiye ka. Ruwan garau, kana hango kifin kwance bayan dutse, shi ma yana hangenka. Ashe ma kifin baƙo ne a can. Ɗan Turai ne, ƙwansa aka kai can a 1867, ta hanyar tsibirin Tasmaniya na Ostireliya.

Hajiya ta ce, "To bayan wannan wahala, guda nawa kuka soya?"

"Ai ba a ci, Hajiya. A kama, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce gobe a karɓo masa rubutu wajen malam.

Tsarabata ita ce sanda mai tsawon ƙafa tara, siririya kamar tsumagiya, da ɗan akwatin ƙudajen ƙarya da aka ɗaura da gashin zakara da zare a jikin ƙugiya. Babu tana, babu dalma. Nauyin yana jikin igiyar, sai ka yi ta kaɗa ta gaba da baya a sama har ƙudan ya sauka kan ruwa a hankali, kifi ya zaci abincinsa ne. Na ce mu wuce Tiga. Ya ce turawut da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 ya fara jigata, ina shi ina ruwan Kano, amma dai in koyi jifa, wataƙila karfasa ta yi mini kara.

Bayan la'asar na cika baho, na ajiye a tsakar gida. Jifan farko ya kwaso zanin uwargida daga igiyar shanya. Na biyu ya tafi da hulata. A na uku na zage ƙarfi, igiya ta tsallake katanga, sai na ji an fizga.

Ƙanena ya yi tsalle. "Ɗaga sandar, Yaya! Kar ka ja da ƙarfi, bar shi ya gaji!"

Ni kuwa wallahi na manta a Gwammaja nake. Sanda ta lanƙwashe, igiya na ta zarewa, zuciyata na dukan uku-uku. Can sai kifina ya yi kuka, kukan da ban taɓa jin kifi ya yi ba, tare da fuka-fuki.

Ba a jima ba Iya maƙwabciyarmu ta shigo ko sallama babu, rungume da jan zakaranta, igiyata na reto daga bakinsa. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yi haƙuri, a wannan sana'ar sakinsa ake yi."

"Saki? Bayan ka huda masa baki? Malam, ka dai saya."

Na biya kuɗin da ya isa zakara biyu. Da daddare Hajiya na tsotsar ƙashi ta ce a fasa karɓo rubutun tukuna. Ƙanena kuwa yana bakin rariya da fitilar waya, yana tsince gashin wuyan zakaran ɗaya bayan ɗaya, wai irinsa tsada gare shi a can.