Layi ɗaya ba amsa ba ce

Abin da kwamitin gine-ginen unguwarmu, a nan yankin Houston ta Amurka, ya yi wa Alhaji rashin mutunci ne, kuma duk wanda ya ga takardar nan da ta yi ta yawo a zaurenmu na WhatsApp ya san ban ƙara gishiri ba. Dattijo ya nemi izinin cire allunan robar da ke jikin gidansa ya yi filastar situko, wato shafen siminti, aka amsa masa da layi ɗaya: wai bai dace da kamannin unguwa ba. Shi ke nan fa. Ba a ce ga sashen ƙa'idar da ya saɓa ba, ba a ce gyara kaza mu amince ba, ko sunan wanda zai je ya tambaya ba a sa ba.

Haba jama'a! Mutumin nan ba wayar gari ya yi ya ɗauko magini ba. Ya cike fom ɗinsu, ya haɗa da zane, ya haɗa da takardun ɗan kwangila da inshorarsa, har guntun allo ya shafa wa launin da yake so ya kai musu, launin ƙasa-ƙasa, kusan irin wanda ke jikin gidan yanzu. Ya zuba ido makonni. Sakamakon wannan biyayya shi ne layi ɗaya.

Ni na je na ga bangon da idona. Ɓangaren yamma, inda ranar la'asar ta Texas ke duka, robar ta lanƙwashe ta yi tudu da kwari. Ƙasa kusa da ciyawa akwai huji-huji inda injin yankan ciyawa ke harbo tsakuwa. Ɓangaren arewa kuwa, da rana ba ta isa, gansakuka ta yi kore shar, kuma ƙungiyar masu gidajen unguwar, wato HOA, wadda kwamitin ke ƙarƙashinta, ita ce dai take aiko masa da wasiƙar gargaɗi cewa ya wanke. Ya wanke, ta dawo, su sake rubutowa. Da ya tashi yin maganin abin daga tushe, sai suka ce a'a ba tare da dalili ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan waɗanda ba su taɓa kwana a ɗakin ba su ke yanke hukunci, kuma ba sa ganin ya cancanci bayani.

Tun jiya wasu ke ce mini ai ya sa hannu. Na sani. Dukkanmu mun sa hannu. Ranar da ake rufe cinikin gida ana turo maka tulin takardu, a ciki har da kundin sharuɗɗan unguwa, kuma sharuɗɗan suna manne da filin ne, duk wanda ya saya sun hau kansa. A kewayen Houston, in kana neman sabon gida kusa da makaranta mai kyau, ka nemo mini wanda babu HOA a kansa mu gani. Shi kansa birnin Houston ba shi da dokar ware inda za a gina gidaje da inda za a yi kasuwanci irin ta sauran manyan biranen Amurka, masu zaɓe sun ƙi ta a 1948, sun ƙi ta a 1962, sun sake ƙin ta a 1993, shi ya sa waɗannan sharuɗɗan na jikin takardar fili suka zama su ne hukuma. Sama da mutum miliyan 70 a ƙasar nan suna zaune ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi. To sa hannun da ba ka da mafita sai shi, kada a riƙa ɗaga mini shi kamar wahayi. Irin waɗannan takardun ne a da ake rubuta cewa kada a sayar wa baƙar fata gida, sai da Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta su a 1948. Ban ce abin da aka yi wa Alhaji ke nan ba, ba ni da hujjar faɗin haka. Abin da nake cewa, rubutu a takarda bai isa ya wanke hukunci ba. Kuma ko a cikin abin da ya sa wa hannu, ina aka ce za a hana shi babu dalili?

Doka ma ba ta tare da su. A 2021 majalisar Texas ta ƙara wa babi na 209 na dokar kadarori wani sashe: ƙungiyar da ke da gidaje sama da 40, in kwamitinta ya ƙi buƙatar mai gida, wajibi ne ya rubuta masa dalili da bayani mai ma'ana, ya faɗi abin da zai canza in akwai, sannan ya sanar da shi cewa yana da kwana 30 ya nemi zama da shugabannin ƙungiya. Unguwarmu ta wuce gida 40 nesa ba kusa ba. Ku koma ku sake duba takardar. Ina bayanin? Ina maganar kwana 30? Ko dai ba su san dokar ba, ko sun sani sun ɗauka dattijo ɗan ci-rani ba zai bincika ba. Kowanne daga ciki abin kunya ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwai dalili na gaskiya da za su iya kawowa, kuma da shi suka kawo da na yi shiru. Situko a garin nan ba wasa ba ne. Gidajen Amurka yawanci ba bulo ba ne irin namu, katako ne aka kafa aka rufe da falanki. Filastar kuwa siminti ne da yashi da farar ƙasa, ana shafa shi hawa uku a kan ragar waya, kaurinsa bai kai inci ɗaya ba. Yana shan ruwa, yana tsagewa, ballantana a nan da ƙasar yumɓu ce, ta kumbura da damina ta motse da rani, harsashin gida ya riƙa motsi. Ruwan sama da ke sauka a Houston ya kai wajen inci 50 a shekara, ga laima a iska. In magini ya yi ha'inci, bai sa takardar tare ruwa ninki biyu a baya ba, bai sa ƙarfen nan mai huji a gindin bango da ruwa ke tsiyaya ta ciki ba, bai kula da bakin tagogi ba, to ruwan zai shige ya kwanta. Daga waje bango tas, daga ciki katako ya ruɓe. An ga haka a Wilmington ta jihar North Carolina a tsakiyar shekarun 1990, inda gidaje masu situkon roba da ake mannawa a kan kumfa suka ruɓe da yawa har abin ya kai kotu. Shi ya sa situko ya fi zama lafiya a Arizona da Nevada da New Mexico, inda ƙasa take a bushe.

Da kwamiti ya ce, Alhaji, muna tsoron ruwa, kawo mana yadda za a fitar da shi daga bayan filasta, kawo wanda zai duba aikin kafin a rufe, wallahi da na ce sun yi aikinsu, sun kare shi sun kare maƙwabta. Kuma amsar tana cikin takardun da ya miƙa, ɗan kwangilar ya zana komai dalla-dalla. Wannan ne ya sa nake zargin ko buɗewa ba su yi ba. Sun ga kalmar situko, sun leƙa layin sun ga kowa roba, suka rubuta a'a.

Masu cewa darajar gidaje za ta faɗi, don Allah ku bari. Bango mai lanƙwasa da gansakuka bai rage darajar layin ba, sai sabuwar filasta? Ku zaga unguwannin masu kuɗi a cikin Houston ku ƙirga gidajen situko. Masu cewa in ba ya so ya tashi kuma, ku ji tsoron Allah. Mutum ya shekara da shekaru yana aikin dare yana biyan bashin gida, 'ya'yansa a nan suka girma, sai ya kwashe kaya saboda mutum uku sun ga rubuta sakin layi guda ya yi musu nauyi?

Wani ƙanina ya ce Alhaji ya yi aikinsa kawai, in ya gama a ga yadda za su yi. Kul. Kada wanda ya ba shi wannan shawara. Tara za su fara jerawa, su kai shi kotu, a ce ya farfashe abin da ya kashe dubban daloli a kai, ya kuma biya lauyansu. Waɗannan ƙungiyoyi ba sa wasa da kuɗi. A 2001 a Houston ɗin nan aka yi gwanjon gidan wata tsohuwa mai shekara 82 a kan bashin kuɗin ƙungiya na dala ɗari takwas da 'yan kai, sai da jama'a suka yi ca kafin gidan ya dawo hannunta. Abin yi shi ne Alhaji ya nemi zaman nan a rubuce kafin wa'adi ya cika, mu kuma mu raka shi. Mu ne ba ma zuwa taron shekara, ba ma tsayawa takara, sai wasiƙa ta iso mu hau faɗa a waya. A wannan karon mu cika ɗakin, mu zauna da ladabi, tambaya ɗaya tak za mu yi: mene ne dalili?

Wannan maganar ruwa a bayan filasta ma, mu a gida mun fi kowa saninta, sai dai ba ma ɗauka. Ku shiga cikin birnin Kano ko Zariya bayan damina ku ga gidajen ƙasa da aka yi wa shafen siminti. Simintin ba ya kama ginin tubali, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe daga ciki, wata rana filastar ta ɓallo falle guda ta tafi da rabin katanga. Iyayenmu da ke yaɓe da makuba suna sabunta shi lokaci zuwa lokaci gininsu ya fi daɗewa. Wanda duk yake aika kuɗi a gyara tsohon gidan gado, ya tambayi maginin abin da zai shafa kafin a sayo buhun siminti ko ɗaya.