Bai kamata a yi watsi da ƙofofin fotasiyam a neman maganin raɗaɗi ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen sabon maganin raɗaɗi, hankali yakan koma kan abin da ke kunna jijiya, musamman tun da Amurka ta amince da suzetrigine a Janairun 2025, maganin da ke toshe wata ƙofar sodiyam, wato 'yar kafar da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga ƙwayar jijiya. A ganina an bar rabin maganar a baya, domin ƙofofin fotasiyam, waɗanda aikinsu shi ne kwantar da jijiya, suna da hannu dumu-dumu a ciwon da ya ƙi jin magani.

Idan ƙwayar jijiya tana hutawa, ƙarfin lantarkin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kusan milibolt 70. Da sodiyam ya kwarara ciki sai saƙo ya tashi, da fotasiyam ya fita ta ƙofofinsa sai ƙwayar ta lafa. Ƙofofin fotasiyam su ne birkin jijiya. Binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna cewa bayan jijiya ta ji rauni wasu daga cikin ƙofofin nan sukan ragu, sai ta riƙa aika saƙon zogi alhali babu abin da ya taɓa jiki. Hatta mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, wani ɓangare na aikinsa buɗe ƙofofin fotasiyam ne da ake kira GIRK.

Waɗanda suka fi jan hankalina su ne dangin Kv7, da masana kimiyya David Brown da Paul Adams suka fara gano aikinsu a jijiyar kwaɗo a 1980. A 1998 aka tabbatar cewa tangarɗa a ƙwayar gado ta KCNQ2, mai ƙera ɗaya daga cikinsu, tana jawo wa jarirai farfaɗiya tun kwanakin farko na haihuwa. Wasu takan wuce musu cikin watanni, wasu kuwa takan zo da tsanani har ta taɓa ci gaban ƙwaƙwalwarsu.

An taɓa samun magunguna biyu masu buɗe waɗannan ƙofofi. Retigabine ya shiga kasuwa a 2011 domin farfaɗiya, aka daina sayar da shi a 2017 bayan ya riƙa mayar da fatar wasu shuɗiya yana kuma taɓa idanunsu. Flupirtine, wanda aka daɗe ana sha a Jamus domin raɗaɗi, an janye shi a Turai a 2018 saboda yana lalata hanta. Masu cewa wannan ya rufe babin ban yarda da su ba, don magungunan biyu sun yi aikin da aka nema daga gare su, kuma ana danganta illolin da tsarin sinadarinsu, wanda kusan iri ɗaya ne.

Na yarda cewa aikin yana da wuya. Ƙwayoyin gado sama da 70 ne ke ƙera ƙofofin fotasiyam, kuma ɗaya daga ciki, hERG, tana daidaita bugun zuciya, har toshe ta bisa kuskure ya sa aka janye cisapride, wani maganin ciki, daga kasuwar Amurka a 2000. Wani lokacin ma toshewar ake nema, kamar yadda maganin dalfampridine, mai toshe ƙofofin fotasiyam, ke taimaka wa masu cutar da ke cinye rufin jijiyoyi wajen tafiya. Yanzu ana gwada sababbin magunguna masu buɗe Kv7 a kan masu farfaɗiya, kuma ina ganin ya dace a gwada su da gaske a kan masu zogin jijiya na ciwon suga.