Samari, ku daina tsallake tsakiyar labari

Assalamu alaikum ƙannena. Maganar nan ta daɗe tana cina, amma abin da na gani daren Talata a teburin mai shayi nan Mabera shi ya ƙure haƙurina.

Ina zaune ina jiran a haɗo min shayi, ga yara huɗu sun duƙufa kan waya guda, an kunna musu littafin yaƙi irin wanga da ake karantawa a YouTube, mai karatu na ta sauya murya, yanzu shi ne boka an jima shi ne gimbiya. Ni ma na kasa kunne, don wallahi ina son labaran nan, tun muna sakandare muke hayarsu muna ɓoyewa cikin littafin lissafi. Labarin wani maraya ne matsoraci, ko akuya ta yi atishawa sai ya zabura, anka kashe ubansa anka kore shi daga birni, ya faɗa hannun wani tsohon maƙeri a tsakiyar daji. To daidai inda tsohon ya fara sa shi ɗibar ruwa da faskare da zuga wuta, sai ɗaya cikin yaran ya ce "kai wuce wurin ga, surutu ne, kai mu inda ake sara". Anka ja labari gaba, an tsallake kusan awa guda, sai ga maraya ya zama sadauki yana tarwatsa runduna shi kaɗai, su kuma suna ta ihu suna tafawa.

Wanda ya ce a wuce ɗin na san shi, ɗan maƙwabtanmu ne. Ni da ƙafata na kai shi garejin walda na wani abokina bayan ƙaramar salla, don uwarsa ta roƙe ni har da hawaye. Sati uku ya yi ya gudo. Na ce mi ya faru? Wai oga ba ya koya masa komai sai shara da ɗaukar rodi da aiken sayo abinci, shi ba bawan kowa ba ne. Sati uku jama'a! Kuma in ka duba Facebook ɗinsa sunan da ya sa ma kansa har da Sadauki a ciki, da hoton zaki.

Abin da ke ba ni haushi ke nan. Kuna son takobin, kuna son kirarin, kuna son gimbiyar da ake ba jarumi a shafin ƙarshe, amma wurin da anka ƙera jarumin shi kuke kira surutu. Ku lura da kyau, marubucin littafin yaƙi mutum ne da ke da damar shirya duk ƙaryar da ya ga dama, zai yi muku aljani mai kai bakwai, zai yi muku doki mai fukafuki, zai yi birni a ƙarƙashin teku ku yarda, amma bai taɓa yarda ya mai da matsoraci jarumi cikin dare guda ba, don ya san ko yaro ba zai haɗiye wannan ba. Dole ya kai shi daji, dole yunwa ta ci shi, dole malaminsa ya wulaƙanta shi, kuma galibi ranar da ya fara fita da takobi da girman kai kafin lokaci, kashi yake sha a dawo da shi a ranga-ranga. Sai ya zubar da fushin banza da gaggawa da jin kai sannan ake damƙa masa makamin. Yaron da ya shiga dajin daban, wanda ya fito daban. Sai an sha wuya akan sha daɗi, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kun san wa ke samun ƙarfi dare guda a cikin labaran nan? Mugun. Shi ne ke zuwa kogon boka ya ba da jini a ba shi laya ya wayi gari yana tashi sama. To ku da kuke son komai yanzu-yanzu, ku tambayi kanku wa kuke kwaikwayo cikin su biyun. Wanda ke kwana yana danna cacar ƙwallo a waya yana jiran ɗari biyu ta haifi miliyan, da wanda ke afa ƙwaya don ya ji zuciyarsa ta bushe, da wanda ke bin motar ɗan siyasa da gora a hannu don a jefa masa dubu biyu, duk layin kogon boka suke. Su kuma 'yan siyasar Allah ya isa, 'ya'yansu na can makaranta, namu ne ke riƙe musu sanda, amma wannan maganar wata rana ce.

Abin kunyar ma a Sakkwato muke. Kullum kabu-kabu na wucewa da ku ta Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yake. Shehu Usmanu ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, ya yi kusan shekara talatin yana karantarwa yana yawon ƙauyukan Gobir da Zamfara da Kabi kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Kowa ya haddace nasarar yaƙin Tabkin Kwatto, amma wa ke tuna yaƙin Tsuntsuwa inda anka rasa ɗimbin mahaddata, wa ke tuna asarar yaƙin Alwasa a 1805, da yunwar da jama'a ta sha? Sai 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, sai 1809 Muhammadu Bello ya kafa garin ga da muke taƙama da shi. Ashe har tarihin namu ma tsallake tsakiyar muke yi. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya faɗa mana cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ku kuwa a taka muku takalmi a gidan kallo sai a zaro wuƙa, wai jarumta. Namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa, ku ko a baki ba a kai ku ba kun fara kuka.

Ni dai ina roƙonku ku koyi zama wuri guda, ku koyi haɗiye magana, iyaye kuma a daina goyon bayan yaro duk ranar da ya dawo ya ce oga ya yi masa tsawa. Da can ba haka muka taso ba. A Maƙera Assada yaro kan shekara yana zuga kafin a bar shi ya ɗaga masaba, wurin dukawa sai ka gaji da jiƙa fata da murza zare kafin a ba ka basilla, almajiri kuma ya yi shekaru yana wanke allo kafin a yi maganar zayyana. Ba wanda ke cewa an mai da shi bawa. In malaminka ya kore ka, ubanka ne zai riƙo hannunka ya mai da kai ya ba da haƙuri, kafin nan kuma ka sha naka a zaure. Yanzu ina waɗannan iyayen, ina waɗannan yaran? Kunya ta tafi, haƙuri ya bi ta, sai sunaye manya-manya a waya.

Jiya na bi ta garejin abokin nawa. Ya ɗauki wani yaro daga wajen Kware, ɗan siriri, hannunsa duk tabon tartsatsi, na iske shi yana share ƙasa yana tsince guntayen rodi yana zubawa a bokiti. Sadaukinmu kuwa da na dawo da dare yana nan bisa bencin mai shayi, abin ji a kunne, wai sun kai kashi na arba'in da biyu na littafin.