A Glasgow babu mai katse maka latsa waya

A watan Disamba a birnin Glasgow na Birtaniya, rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu. Zuwa shida ka yi Isha, ka ɗumama miyar jiya ka ci, sai dare ya miƙe maka kamar ba zai ƙare ba. A hunturuna na farko, waya na ba wannan daren gaba ɗaya. Wata Lahadi ta kawo mini lissafin mako, wai awa tara nake yi kullum a kanta. Ko karatun da ya kawo ni ƙasar bai samu haka daga gare ni ba.

Damuwar da ta same ni ba ta zo da kuka ba. Mutuwar jiki ce. Abinci ya daina daɗi, littafi shafi biyu na ajiye, Hajiya ta kira ina kallon wayar tana ruri har ta katse, ni da nake riƙe da ita tun safe. Wani abokina mai iyali ya taɓa rage murya ya ce mini har tsakaninsa da maiɗakinsa abin ya yi sanyi, kowa ya juya baya da tasa wayar.

Ba abin mamaki ba ne in ka duba yadda aka gina gajerun bidiyon nan na waya, irin na TikTok. Ba ka san abin da zai biyo baya ba, sai ka sake ja ko za a dace, dabarar injin caca ke nan. Wanda ya saba da daɗin da ke zuwa cikin daƙiƙa goma, yaya zai yi haƙurin hira ko karatu? Ga hasken waya da dare yana jinkirta sinadarin melatonin mai kawo barci, rashin barci kuwa shi da ciwon damuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka. Masana dai har yau suna ja-in-ja kan wanne ke fara zuwa, wayar ko damuwar. A nawa ganin, kaɗaici ne ke buɗe ƙofa, waya ta shigo ta baje tabarma.

Shi ya sa nake tuna Gwammaja, unguwarmu a Kano. Can wa zai bar ka ka yi awa uku kana latse-latse? NEPA ta ɗauke wuta, caji ya ƙare, ka taka zuwa wurin mai caji. Data ta ƙare. Yaro ya leƙo: “Wai ana sallama da kai.” Ga ɗaurin aure, ga jana'iza, ga ladan. Duk abin da nake tsaki a kansa, ashe shi ke fizge ni daga ramin. A nan wuta ba ta ƙiftawa, intanet ba ya ƙarewa, maƙwabcina kuwa shekara biyu ban san sunansa ba. Da Birtaniya ta naɗa ministar kaɗaici a 2018, dariya muka sha a majalisa. Yanzu na daina dariyar.

Amma gida ma da nasa laifin. Ka ce zuciyarka ta mutu, a ce rashin tawakkali ne, ko sammu, ko “kai da kake Turai me ya dame ka?” Likitar da na gani a nan ba ta yi mini wa'azi ba. Ta tambayi ƙarfe nawa nake barci, da wa nake hira, yaushe rabona da hasken rana, sannan ta ce wayar ta riƙa kwana a falo.

Da na je gida bara, na doshi majalisarmu bayan Isha da zumuɗi. Mutum shida a kan benci, kowa ya sunkuya, hasken TikTok a fuskarsa. Na yi sallama sau biyu. Mai shayi ne ya amsa.