Yamai na faɗaɗa, ƙura da hayaƙi na bin ta a baya

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen Yamai sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin garin bai daina miƙewa ba. Yadda yake miƙewar ne abin damuwa. Ana yanka filaye a bayan gari a sayar, mutane su yi gini su tare, sai daga baya a fara maganar hanya da magudanar ruwa. Ma'aikatu, bankuna, babban asibitin ƙasa, Babbar Kasuwa da kasuwar Katako kuwa suna nan tsakiyar gari inda aka san su. Don haka mutumin unguwar Koira Tegui, da na Niamey 2000, da na Talladje, duk wuri guda suke nufa da safe, a lokaci guda, a kan titunan gudron 'yan ƙalilan.

An yi ayyuka, ba a musu. A kan kogin Neja, gadar Kennedy ta 1970 ita kaɗai ta ɗauki nauyin gari har 2011 da aka buɗe ta biyu, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché ta zo a 2021. An gina gadar sama ta Mali Béro da ta Diori Hamani. Sai dai gadar sama mahaɗa ɗaya take warwarewa; motocin da ta saki da gudu suna sake taruwa a shatale-talen gaba. Gadar Kennedy kuma har yau layi biyu ce, ita ce hanya mafi kusa ga ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da mutanen Harobanda da ke ƙetaren kogi, ga amalanke da raƙumi da moto duk a kanta. Mota ɗaya ta mutu a tsakiya, kowa ya tsaya.

Abin da ke shiga huhun mai shago a bakin titi da yaron da ke tafiya makaranta iri biyu ne. Na farko ƙura. Hunturu na kawo nasa rabon daga Sahara, wannan ba a hannun kowa yake ba. Amma ƙurar jar ƙasar hanyoyin unguwa aikinmu ce: taya na niƙa ta kullum, mota ta kwaso ta zuwa gudron, ta taru a gefe har ta cinye rabin layi, kowace kamyo ta wuce ta sake tayar da ita. Na biyu hayaƙi. Galibin motocin garin na hannu ne da suka gama aiki a Turai. Da yawa an cire musu tukunyar tace hayaƙi da ke cikin bututun baya, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Baƙin hayaƙi a motar gazuwal alama ce ta matatar iska da ƙura ta toshe ko injekta da suka gaji. Shuɗi kuma injin ne ke ƙona baƙin mai saboda zobban fistin sun ci. A cunkoso, inda ake tashi ana tsayawa, injin ya fi fitar da wannan dattin.

Mafi muni shi ne tsakanin magariba da isha a lokacin sanyi. Iska mai sanyi tana kwanciya kusa da ƙasa, ta riƙe hayaƙin motoci da na icen girki da na sharar da ake ƙonawa, ba ya tashi sama. Ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5 suna wuce hanci su kai can cikin huhu har jini. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa iyakarsu a mikrogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska a yini. Jarirai, tsofaffi da masu asma su ke fara biyan kuɗin.

A ganina kuɗin gadar sama ta gaba ya fi amfani a hanyoyin unguwanni. A shimfiɗa musu dutsen pawe tare da magudana, a riƙa kwashe yashin gefen gudron da shebur ana ɗauke shi gaba ɗaya, domin sharewa a tara a gefe aikin banza ne, iska ke mayar da shi. Sai manyan bas masu lokaci tabbatacce: bas mai ɗaukar mutum 70 tana maye gurbin tasi 17 masu fasinja huɗu-huɗu. A sa direbobin tasi da na ƙananan bas na faba-faba cikin tsarin tun farko, su riƙa kawo fasinja daga lungu zuwa tasha, in ba haka ba za su ga an zo raba su da abincinsu.

Kada kuma hukumomin gari su sa hannu kan sabon rabon filaye sai an ware hanyar bas, kasuwa, makaranta da asibiti. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye gari ya tare iska, kimanin hekta 2,500, gine-gine sun riga sun ci wani sashensa mai yawa. Abin da ya rage a auna shi, a kafa masa iyaka da siminti, a hana ba da takardar fili a cikinsa.