Rufe makaranta kaɗai ba shiri ba ne

Duk lokacin da hankali ya tashi a Filato, sanarwa biyu ke fitowa daga gwamnati: dokar hana fita, sai umarnin rufe makarantu. Ban ƙi wannan ba, domin rai ya fi karatu. Abin da ke damuna shi ne shirun da ke biyo baya. Jos ta sha rikici a 2001 da 2008 da 2010. A watan Agustan 2021, bayan kisan matafiya a hanyar Rukuba, karatu ya tsaya a Jami'ar Jos, jihohi suka aiko motoci suka kwashe ɗalibansu. Amma ka tambayi hedimastan firamare a Gangare ko Tudun Wada yadda zai yi da yaransa in aka rufe wata biyu, da wuya ya nuna maka tsari a rubuce.

A takarda dai Najeriya ba ta yi baya ba. Ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015, Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a Oktoban 2021, sannan aka ƙaddamar da shirin naira biliyan 144.8 na 2023 zuwa 2026. Sai dai yawancin maganar a kan katanga da jami'an tsaro ta tsaya. Bayan sace ɗalibai a Chibok da Dapchi da Ƙanƙara da Kuriga ba mai raina katanga, amma ba ta da abin da za ta yi wa yaron da aka ƙona ƙauyensu.

Wanda ya ga 'yan gudun hijirar Mangu da Bokkos a 2023 ya san inda da yawansu suka sauka: makarantun firamare da wuraren ibada. An tura bencina gefe, an shimfiɗa tabarmi, murhu a bakin aji, shanya a kan taga. Yaran da suka gudo ba karatu, yaran garin da suka karɓe su ma ba aji. In uwa ta daure ta kai ɗanta wata makaranta, sai a ce ta kawo sakamakonsa da takardar sauyin makaranta, alhali da zanen jikinta kaɗai ta tsira. Yarinya kuwa in ta shekara a gida, talla ko aure ke jiranta, kuma da wuya ta sake komawa aji.

A Yukren, birnin Kharkiv da ke shan ruwan bama-baman Rasha ya buɗe azuzuwa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa tun Satumban 2023. Ba cewa nake mu haƙa rami ba. Darasin shi ne hukumomi sun ɗauki karatu a matsayin hidimar da ba ta tsayawa, ko da yaƙi. Mu abin da muke da shi rediyo ne, kuma mun gwada shi a 2020 lokacin korona, jihohi da dama suka riƙa watsa darussa. Me ya hana gidan rediyo da talabijin na Filato (PRTV) da hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB) su naɗi darussan firamare na zango guda tun yanzu, da Hausa da Turanci, su ajiye? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran ba su da tsada. A bai wa hedimastoci umarni a rubuce cewa ɗan gudun hijira ba ya buƙatar takarda, a gwada shi a sa shi ajin da ya dace. Inda aji ya cika a raba karatu safe da yamma. Kowace ƙaramar hukuma ta ware gine-ginen saukar jama'a tun kafin buƙata ta taso, a bar makaranta ta zauna makaranta. Malamin da shi ma ya gudo a tura shi inda ɗalibansa suke, albashinsa ba yankewa.

Kuɗin ma akwai hanyarsa. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, kuma an sha kokawa cewa biliyoyi na kwance a UBEC, hukumar tarayya mai riƙe da kuɗin, saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Ya kamata majalisar dokokin Filato ta nemi a nuna mata kason karatun gaggawa a kasafin shekara mai zuwa, in ba shi ta mayar da kasafin a gyara.