Su suna gardama kan adadin gawa, mu muna kwafar rahoton Nasara

A wani ɗakin karatu na ƙaramar hukuma a nan Yorkshire, arewacin Ingila, akwai ɗaki a saman bene da ake ara wa ƙungiyoyi ranar Asabar. Dogon tebur ne a tsakiya, ƙarfen ɗumama ɗaki yana jikin bango, ga butar shayi da farantin biskit a gefe, rigunan ruwa a rataye bayan ƙofa suna ɗiga. Mutanen da suka zauna ba su kai goma ba, yawancinsu dattawa masu cin fansho. Kowa da kwamfutarsa, da tarin littattafai an cusa musu 'yan takardu masu launi a shafukan da ake so, da taswira an shimfiɗa an danne kusurwoyinta da kofuna. Babu wanda ake biya ko sisi. Abin da ya cinye musu rabin yini kuwa jimla ɗaya ce a maƙalar Wikipedia game da yaƙin Towton.

An gwabza yaƙin nan ranar 29 ga Maris, 1461, cikin dusar ƙanƙara, tsakanin gidan York da gidan Lancaster a kan sarautar Ingila. Iska tana bayan 'yan bakan York, sai kibansu suka riƙa isa, na abokan gaba suna faɗuwa a hanya. Wasiƙun zamanin sun ce mutum 28,000 suka mutu, masana da yawa na yanzu kuma suna ganin an kambama adadin. A 1996 magina suka ci karo da ramin da aka binne wasu daga cikin mamatan, aka auna ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Gardamar dattawan ita ce ko a bar 28,000 tsirara kamar tabbas, ko a ce wane ne ya faɗa, wane ne ya musa. Wata tsohuwa ta buɗe littafi ta sa yatsa a layin, ta ce ba za ta yarda ba sai an sa lambar shafi. A kan haka aka tashi.

Abin ya sosa mini rai, domin shekara 442 ke tsakanin Towton da Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya gwabza da Turawan Ingila a 1903. Namu jiya-jiya ne, amma nasu ne aka bi diddigi.

Hankalinsu bai fi namu ba, tsari suke bi. Masu rubuta tarihin yaƙi a Wikipedia ta Ingilishi suna da zaurensu, da masu kula da shi waɗanda ake zaɓa, da rassa na yanki-yanki har da na Afirka. Suna auna ingancin maƙala mataki-mataki. Kafin maƙala ta kai matakin B sai ta cika sharuɗɗa biyar: majiya a kan kowane muhimmin batu, bayani cikakke kuma daidai, tsarin sassa, tsabtar harshe, da kayan taimako irin taswira ko hoto ko akwatin bayani. Matakin A ya fi tsauri. Sai mutum uku sun karanta sun amince, wani daban ya bi majiyoyin, wani kuma ya duba ko hotunan suna da izini. Majiya a wurinsu tana nufin sunan marubuci, shekarar bugu da lambar shafi. In an saɓa, a koma shafin tattaunawa kowa ya ajiye littafinsa, kuma duk gyaran da aka yi yana nan a tarihin shafin, ana iya mayar da shi.

To, ku duba namu. Da yawa daga maƙalun yaƙe-yaƙenmu guntaye ne, kuma in ka bi majiyarsu sai ka tarar ta tuƙe ga rahoton hafsan Ingila. Na Hausar kuma sau da yawa fassarar na Ingilishin ne da na'ura, har ka ga an kira rundunar da ke tafe ginshiƙi. Ana gasar wa ya fi yawan maƙala, ba a tambayar wa ya buɗe littafi.

Kurakuran da ke biyo baya sanannu ne. Ana cakuɗa Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu, wanda ya fita daga Sakkwato bayan karonsa da Turawa a Giginya ranar 15 ga Maris, 1903, da Attahiru na biyu wanda Gwamna Lugga ya naɗa a madadinsa. Ana haɗe Burmi wuri ɗaya alhali karo biyu ne: na watan Mayu da aka kori Kyaftin Sword, da na 27 ga Yuli da Sarkin Musulmi ya yi shahada, Manjo Marsh shi ma ya faɗi. Wuri ɗaya yakan fito da rubutu iri uku, Burmi, Bormi, Mbormi, ko Kwatarkwashi da Kotorkoshi, sai wani ya buɗe sabuwar maƙala bai san akwai ta ba, alhali maganin shi ne a zaɓi suna ɗaya a karkatar da sauran zuwa gare shi. Yaƙe-yaƙen jihadi kuma da kwanan Hijira aka rubuta su, juyawa zuwa Miladiyya yakan kawo saɓanin kwana ɗaya ko biyu, don haka a sa dukansu a faɗi littafin da aka bi.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne akwatin bayani. A gefe ɗaya an rubuta Birtaniya da sunayen hafsoshi, wani lokaci har da lambar girmar da Laftanar Wright ya samu a karon Turawa da mayaƙan Kano a Kwatarkwashi. Amma yawancin masu riƙe da bindigogin nan baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarbawa da sauransu, kuma ba ka ganinsu. A ɗaya gefen sai suna ɗaya ko biyu, Wazirin Kano Ahmadu ko Sarkin Kano Alu, sannan adadin mamata da wanda ya harbe su ya ƙiyasta. Babu bayanin yadda 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan baka suke jeruwa, babu dalilin da ya sa sukuwar barade ta kasa fasa sahun da aka yi murabba'i da bindiga mai ruwa, babu yadda igwa ta yi da ƙofar Kano ranar 3 ga Fabrairu.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Dattijon Yorkshire yana da fansho, wutarsa ba ta ɗaukewa, katin laburare ɗaya zai kawo masa littafi daga wani gari. Yaron da ke Gusau ko Azare da wayar hannu yake rubutu, da datar da ya saya da kuɗin abincinsa. Ƙa'idar Wikipedia ma ba ta yi mana adalci ba, domin ba ta karɓar “kakana ya gaya mini”, alhali rabin tarihinmu a baka yake, cikin kirari da waƙa da hirar zaure. Ina jinjina wa matasan da ke wannan aiki a haka.

Amma uzurin bai wanke mu ba, saboda ba mu rasa rubutu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labarin yaƙe-yaƙen jihadi na Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa da faɗuwar Alƙalawa a Infaƙul Maisuri, kuma yana cikin waɗanda suka yi yaƙin. Abdullahin Gwandu ya bar Tazyinul Waraƙat. Irin waɗannan ana kafa hujja da su a kan abin da mai littafin ya faɗa, sharhi kuma a ɗauko daga masana na baya irin su Murray Last, Adeleye, Smaldone da Yusufu Bala Usman. Ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ga cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Ga kundayen digiri da ɗalibanmu suka yi ta hira da tsofaffi kafin su rubuta, suna jibge a kan kanta suna shan ƙura. Labarin baka yana shiga Wikipedia ne in an fara buga shi a mujallar ilimi ko littafi, kuma wannan aikin malaman jami'a ne. Malami ɗaya ya zauna da matasa biyar wata guda a kan maƙala ɗaya, ta yaƙin Satiru na 1906 ko na Gawakuke na 1836, ya fi maƙala ɗari na fassara.

Filin Towton yana da hanyar ƙafa da alluna masu bayani a bakinta, yara 'yan makaranta suna zuwa. Burmi tana can kusa da Bajoga a jihar Gombe, kabarin Attahiru da na Marsh duk suna wurin, amma 'yan Kano nawa ne suka taɓa taka ƙafa? Ganuwar Kano da Kanar Morland, jagoran sojan Turawa, ya tsaya a gabanta muna kallo ana yanka ta fuloti-fuloti, ana haƙar ƙasarta ana buga bulo. Waɗanda suka tsira daga Burmi sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokinsu suna nan, suna jin Hausa da Fulatanci, akwai waya a hannunsu. Tsofaffin da suka ji labarin hijirar daga bakin waɗanda suka yi ta sun kusa ƙarewa, a can da nan gida duka, kuma wanda zai ɗauki muryarsu bana ya kamata ya tashi.